Zanen Itatuwa da Sunayensu na Hausa

Tun 1799 Mungo Park ya sa zanen ganyen kaɗanya da 'ya'yanta cikin littafin tafiyarsa, domin mutanen Ingila su ga itacen da ake samun mai daga gare shi. Daga baya aikin ya bunƙasa. A 1916 Likita J. M. Dalziel ya buga littafin sunayen tsire-tsire da Hausa, a 1925 H. V. Lely ya fitar da nasa a kan itatuwa masu amfani na Nijeriya ta Arewa, tare da zane-zane. Tsakanin 1927 da 1936 kuma Hutchinson da Dalziel suka wallafa babban kundin tsire-tsiren Afirka ta Yamma, W. E. Trevithick ya zana masa hotuna. Irin waɗannan littattafai su ne ginshiƙin karatun itatuwa a Samaru, inda aka kafa tashar binciken aikin gona a 1922.

Lalle masu zanen sun yi ƙoƙari. Sukan tsaga fure su nuna cikinsa, su ƙirga ganye, su zana ƙwaya daidai da awo, domin da fure da 'ya'ya masana ke raba itatuwa dangi dangi. Wanda ya duba zanen ɗorawa ba ya rikita ta da ƙirya.

Amma fa akwai cikas. Yawancin zanen na baƙin layi ne a kan farar takarda, kuma reshe ɗaya tak yakan nuna. Shi kuwa Bahaushe ba da fure ya fi sanin itace ba, da ɓawo ne, da launi, da ɗanɗano, da halinsa cikin shekara. Sunayen kansu shaida ne. Maɗaci daga ɗaci ya samo suna, tsamiya daga tsami, jan yaro daga launin jikinsa, farar ƙaya daga ƙayarta. Ba ko ɗaya daga cikin ɗaci da tsami da ja da alƙalami zai iya nunawa. Gawo kuma yakan zubad da ganye da damina ya yi sabo da rani, abin da ya sa manomi ke barinsa tsakiyar gona. Zane ba ya faɗin wannan. Haka nan ɓaure da cediya da durumi da gamji, masana sun haɗa su dangi guda, watau Ficus, Hausa kuwa ta ba kowanne sunansa.

To, ga inda abin ke da hatsari. A kasuwar Sabon Gari masu magani ba fure suke kasawa ba, sassaƙe ne da saiwa. Ɗalibin da ya haddace zane a Samaru, in an miƙa masa ɓawon maɗaci, littafinsa ba zai cece shi ba. Mai maganin kuma ba shi da hanyar tabbatar wa baƙo irin itacen da ya sassaƙo, ga shi abin sha ne.

Saboda haka bai kamata a ɗauki sunan Hausa kamar ƙari a gefen zane ba. Rabin bayanin yana cikinsa. Ya wajaba masana harshe su haɗa kai da masana tsire-tsire su fitar da littafi sabo, kowane itace da zanensa, da hoton ɓawonsa mai launi, da sunayensa na Zazzau da Kano da Sakkwato, da ma'anarsu, tun tsofaffin da suka san su suna raye.