Gitar ta Adar a kunnen Kurfai: waiwaye a kan Azna de l'Ader

1. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala ba ta ɓoye son da mai rubuta ta yake yi ma abin da yake nazari. Na tashi a Tabla, bakin hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Balleyara da Filinge ta nufi Tawa. A shekarun 1980, rediyo ɗaya ce a shagon telan unguwarmu, kuma Muryar Sahel kaɗai take kamawa da kyau. A nan na fara jin wata gitar mai kuka da gurnani, wadda ba ta yi kama da ta orkestocin Yamai ba. Tela ya ce kiɗin mahaukata ne, ya rage murya. Wata tsohuwa mai saida fura kuwa ta tsaya da ƙwaryarta a kai, ta ce a ƙara. Daga baya na san Azna de l'Ader ne, ƙungiyar makaɗan Tawa wadda Mona ya jagoranta tun shekarun 1970.

Tambayar da muke son dubawa ita ce: mi ya sa ƙungiya irin wannan ba ta samu matsayin da ya dace da ita ba a zamaninta? Ra'ayinmu shi ne rashin bai zo daga kiɗin ba. Ya zo daga hanyar da kiɗi yake bi kafin ya kai kunne, da kuma ma'aunin da aka auna shi da shi.

2. Misali daga Amurka

Domin a ga cewa matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce, bari mu fara da misalin da masu nazarin kiɗin rok suka fi ambata. A shekara ta 1971 aka kafa ƙungiyar Big Star a birnin Memfis, da mutum huɗu: Alex Chilton, Chris Bell, Andy Hummel da Jody Stephens. Salonsu shi ne wanda ake kira pawa-pop, wato gajerun waƙoƙi masu daɗin rerawa irin na Beatles, amma bisa gitar mai ƙarfi. Chilton ba baƙo ba ne a fagen, don yana ɗan shekara 16 waƙarsa da ƙungiyar Box Tops ta zo ta ɗaya a Amurka a 1967.

Faifansu na farko ya fito a 1972, na biyu a 1974. Ƴan jarida sun yaba, amma mai son saye in ya je kanti ba ya samu, saboda kamfanin Stax da ke da alhakin rarrabawa yana cikin rikici da kamfanin Columbia, har ya durƙushe a 1975. Ƙungiyar ta watse. Faifai na uku bai fito ba sai 1978, shekarar da Bell ya rasu a haɗarin mota yana da shekara 27. Sai a shekarun 1980 da 1990 ƙungiyoyi irin su R.E.M. da Replacements da Teenage Fanclub suka riƙa cewa daga nan suka sha nono. A 2003 mujallar Rolling Stone ta sa faifan nan uku duka cikin jerin 500 da ta ɗauka mafi muhimmanci.

Azna de l'Ader ba pawa-pop suke yi ba; kiɗinsu ya fi kusa da na Jimi Hendrix. Abin da ya haɗa su da Big Star shi ne makoma. Amma akwai bambanci babba: Big Star sun bar faifai uku da suka jira masu saurare. Mutanen Tawa ko faifan ba su samu ba.

3. Hanyar da ta yanke

A Nijar ta shekarun 1970 da 1980, makaɗin zamani ba shi da kamfanin faifai da zai dogara gare shi. Ƙofa biyu ce a buɗe: gidan rediyon ƙasa, wanda ya ɗauki sunan Muryar Sahel a 1974, da kuma dandalin samariya da bukukuwan matasa na zamanin Seyni Kountché (1974 zuwa 1987). Ƙofofin nan sun yi amfani ƙwarai, domin su suka sa Bazabarme ya ji waƙar Damagaram, Bahaushe ya ji ta Agadas. Sai dai kowace da sharaɗinta. Dandalin samariya yana son waƙar faɗakarwa, ta haɗin kai da aiki da ci-gaba, wadda kalmominta suke fita sarai. Rediyo kuma tana ɗaukar kiɗi ta aje a ma'ajiyarta, ta sa shi ranar da mai shiri ya ga dama. Mai saurare a Tabla ba shi da yadda zai sake jin abin da ya burge shi, in ba ya yi sa'ar danna kaset a daidai lokacin ba.

Misalin Mamman Sani ya nuna haka. Kiɗinsa na organ ya shiga kusan kowane gida, saboda rediyo da talabijin sun daɗe suna sa shi tsakanin shirye-shirye, amma kaset ɗinsa na 1978 kofi kaɗan aka yi, kuma da yawa daga masu jin sautin ba su san sunan mai shi ba. In haka ta samu mutumin Yamai, ina ga wanda ya zauna Tawa? Gasar Ɗan Gurmu ta fara a 1987, cibiyar koyar da kiɗi ta Yamai mai sunan Alhaji Taya ta biyo baya. Sun zo a kan kari ga ƴan baya, irin su Saadou Bori da Moussa Poussy, waɗanda faifansu Niamey Twice ya fita Turai a 1994. Ga waɗanda suka fara tun shekarun 1970, an yi latti.

4. Zargin kwaikwayo

Dalili na biyu ya fi na farko zurfi. Masu ilimin boko na lokacin sun raba kiɗi gida biyu: na gargajiya, wanda ake girmamawa don asali ne, da na zamani, wanda ake rawa da shi a birni, galibi bisa salon Kongo ko Kuba ko Mali. Mona bai shiga ko ɗaya ba. Ga na farko ya cika baƙunta, ga na biyu ya cika hayaniya. Sai aka yanke masa hukunci mai sauƙi: mai kwaikwayon Hendrix.

Ba mu musun tasirin. Yana nan cikin yadda ake ja ma gitar wuya har ta yi kuka, da yadda ake barin sauti ya dagule da gangan. Akwai ma wuraren da kaɗin gitar ya yi tsawo har waƙa ta ɓace, kuma mai son ƙungiyar ya kamata ya yarda da wannan. To amma a saurari abin da ke ƙarƙashi. Zango guda ne gajere ake maimaitawa, ana ƙara masa zafi kaɗan-kaɗan, ganga tana matsawa, har jiki ya amsa kafin hankali. Wannan gini ba daga Amurka ya zo ba. Ginin goge da ƙwarya ne a filin bori, inda mai goge yake nacin kiran iska ɗaya har ta sauka. Sunan ƙungiyar ma ya faɗa: Azna su ne masu riƙe da al'adun ƙasa na kafin Musulunci a Adar. Tsohuwar nan mai fura ba ta san Hendrix ba. Goge ta ji.

A nan mutumin Kurfai yana da abin cewa. Nicole Échard, a aikinta na 1989, ta haɗa borin Adar da na Kurfai a nazari guda, don ƴan uwan juna ne. Kuma a ƙasar Filinge ne, wajen 1925, aka fara jin Babule, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, ta hannun wata mata mai suna Shibo daga Cikal. Iskokin nan suna sa kayan soja, suna tafiya irin ta kumandan, har hukumar mulkin mallaka ta tsorata ta kama mabiyansu. Jean Rouch ya ɗauki ƴan bayansu a fim a Gwalkwas a shekarun 1950. Ba muna yabon bori a matsayin addini ba ne. Abin da muke nunawa shi ne yankinmu ya daɗe da sanin wata dabara: a ɗauki rigar baƙo mai ƙarfi a sa, domin a mallaki ƙarfin nasa a juya shi yadda ake so. Wanda ya ga Babule ya ce Faransawa suke son zama, bai fahimci komi ba. Haka wanda ya ji Mona ya ce Ba'amurke yake son zama.

5. Ganowa daga waje

A shekarun 2010, kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Portland a Amurka, ya sake fitar da kiɗin Mamman Sani (2013), sa'annan ya fitar da faifan Azna de l'Ader mai suna Zabaya. Aikin ya cancanci godiya. Sautin ba shi da tsabtar situdiyo, amma zafin yana nan.

Duk da haka akwai abin lura. Mai saye a Turai yana zuwa da ma'auninsa, yana neman Hendrix na hamada, wato tsohon zargin ne ya koma yabo ba tare da ya canza ba. Alhali sunan faifan kansa yana nuna wata hanya: zabaya ita ce mawaƙiyar da ke tsaye gaban makaɗa a bikin Hausa, wadda muryarta ke ratsa taro. In aka saurari gitar a matsayin zabaya, ana jin tana bada waƙa, sauran kayan kiɗi suna amshi. Wannan karatu sai wanda ya san filin biki zai iya yin shi.

6. Kammalawa

Big Star sun samu magada a gida, waɗanda suka ɗauki salon suka faɗi sunan mai shi. Wannan ne ya rage mana. Aiki uku muke ba sashenmu shawara: a nemi izinin jera abin da ma'ajiyar rediyon ƙasa ta ƙunsa na orkestocin jihohi, tun zaren bai lalace ba, a rubuta kalmomin waƙoƙin da Hausar Adar yadda aka rera su, ba a mayar da su Hausar Kano ba, a aika ɗalibai Tawa da Filinge su tattauna da waɗanda suka halarci wasannin. Masu wannan shaida sun tsufa. Tela da mai fura na Tabla duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma ban taɓa tambayar tsohuwar wace iska ta ji ana kira ba.