Gurnani Ko Zaƙin Murya? Tarken Wasu Fayafayan Opeth

Akwai wata gardama da ta daɗe tana ci a tsakanin masu sauraron kiɗan nan na Turawa da ake kira hebi metal, wadda muke ganin ta cancanci marubuta su tsaya su dube ta, ko da kuwa kiɗan bai taɓa ratsa kunnensu ba. Gardamar ita ce, shin mawaƙi ya rera waƙarsa da murya garau yadda kowa zai ji kalmominsa, ko kuwa ya yi ta da gurnani irin na zaki, wanda sau da yawa sai an buɗe 'yar takardar da ke cikin faifan kafin a gane abin da ake faɗa? Ɓangare guda na cewa gurnani hayaniya ce kawai, bai kai a kira shi waƙa ba. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa duk wanda ya bar gurnani ya koma tattausar murya, to ya sayar da sana'arsa ne don neman kasuwa. Mu a nan za mu ɗauki ƙungiya guda, wato Opeth ta ƙasar Suwidin, mu jera wasu daga cikin fayafayanta, domin jagoranta Mikael Åkerfeldt ya iya muryoyin biyu, ya haɗa su, ya raba su, ya ajiye ɗaya har shekara 16, sa'an nan ya dawo ya ɗauka. Samun mutum guda da ya yi duk wannan ya sauƙaƙa wa mai tarke aiki, tun da ba za a ce bambancin baiwa ne ya jawo bambancin sakamako ba.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa gurnani baƙo ne a wannan kiɗa. Lokacin da ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham a Ingila ta fitar da faifanta na farko a 1970, rerawa Ozzy Osbourne yake yi. Waɗanda suka shahara a bayansa, irin su Rob Halford na Judas Priest da Bruce Dickinson na Iron Maiden da Ronnie James Dio, duk da ɗaga murya sama da riƙe ta suka yi suna. Sai a tsakiyar shekarun 1980 ne gurnani ya kafu sosai, da fayafayai irin su Seven Churches na ƙungiyar Possessed a 1985 da Scream Bloody Gore na ƙungiyar Death a 1987, dukkansu daga Amurka. Daga nan aka sami reshen da suke kira det metal, wato metal na mutuwa, kuma a cikin wannan reshe aka haifi Opeth a birnin Stockholm a 1990. Sunan ma daga littafi aka ɗauko shi, daga wani birni mai suna Opet da ke cikin ƙagaggen labarin Wilbur Smith, The Sunbird.

Masu cewa gurnani ihu ne kawai sun yi kuskure tun daga tushe. A maƙogwaron ɗan Adam, a saman tantanin da ke fitar da muryar yau da kullum, akwai wasu naɗe-naɗen tsoka guda biyu waɗanda ba su cika motsi a lokacin magana ba. Gwanin gurnani su yake sa wa su kaɗa, yana turo iska daga ciki da lissafi. Wanda bai koya ba, ya ɗauka ƙarfi ne, shi ne ke wayewar gari murya ta dushe. Bahaushen da ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji ɗan dambe na zuba kirari, ba zai sha wahalar gane wannan ba: babu rauji a kirari, amma ba wanda zai ce ba fasaha a cikinsa, kuma in aka rera shi da sanyin murya ya tashi daga kirari.

Faifan da ya fi nuna amfanin muryoyin biyu, a ganinmu, shi ne Still Life na 1999. Waƙoƙi 7 ne, amma labari guda suke bayarwa. Wani mutum ne mahukuntan coci suka kora daga garinsu saboda ya bar aƙidarsu, bayan shekara 15 ya lallaɓo ya dawo domin masoyiyarsa Melinda, ya tarar ta ba da kanta ga hidimar addini. Duba yadda aka raba aikin murya. A waƙar farko, "The Moor", inda yake tuna wulaƙancin da aka yi masa, gurnani ne ya fi yawa. A "Benighted", inda yake lallashinta ta bi shi su gudu, babu gurnani ko kaɗan, jita ce mai taushi da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada a ji shi. Haka ma "Face of Melinda". Da aka kashe ta a "Serenity Painted Death", sai gurnani ya dawo da ƙarfinsa, domin a nan ne tauraron ya fita hayyacinsa ya auka wa waɗanda suka kashe ta, kafin a kama shi a kai shi ga igiya a waƙar ƙarshe. Wanda bai jin Turanci ko kalma ɗaya zai iya bin wannan labari da kunne, ya san inda ake lallashi da inda ake zubar da jini. Mutum ɗaya ne ke magana tun daga farko har ƙarshe, halin da yake ciki ne ke sauyawa, murya kuma tana bin halin. In aka cire gurnanin, fushinsa ya zama labarin fushi da wani ke ba mu. In kuma aka cire tattausar muryar, ba za mu ga dalilin da zai sa mu damu da Melinda ba.

Faifan da ya biyo baya, Blackwater Park na 2001, shi ne wanda mafi yawan masoya ƙungiyar suka ɗora a kan gaba, kuma ta fuskar kiɗa ba mu musa ba. Baturen Ingila Steven Wilson ya shigo ya taya su tsara sauti, har ana jin muryarsa a waƙar "Bleak". Waƙar "The Drapery Falls", wadda ta kusa minti 11, ta shafe kusan rabinta da murya garau kafin gurnani ya faɗo, kuma wannan jan rai shi ya ba faɗowar nauyi. To amma a nan ne za mu ba masu sukar gurnani gaskiyarsu. Babu labari a wannan faifai, hotuna ne birjik na ruɓa da duhu da hunturu da makabarta, kuma in aka zauna aka karanta baitocin a takarda, da yawansu sun fi kama da tarin kalmomi masu ban tsoro da aka jera don daɗin furuci. Gurnani ya rufa musu asiri. Kunne na jin ƙarfin muryar sai ya ɗauka akwai ƙarfin ma'ana a ƙarƙashinta. Wannan cuta ce da mu marubuta muka sani a gidanmu: baitin da ba ya ɗauke da komai, in mai karantawa ya daka tsawa a taro sai a tafa masa, ranar da aka buga shi a takarda kuwa sai a rasa abin da aka tafa wa.

Daga nan sai Åkerfeldt ya raba tagwayen. An ɗauki fayafayai biyu a zama guda, Deliverance ya fito a 2002 da nauyinsa da gurnaninsa, Damnation kuma ya fito a 2003 babu gurnani ko sau ɗaya. Abin lura shi ne masoyan gurnani ba su tayar da jijiyar wuya a kan Damnation ba, hasali ma da yawansu suna ƙaunarsa har yau. Dalili kuwa a fili yake. Waƙoƙi 8 ne a cikin minti 43 ko kusa da haka, jigonsu guda, kaɗaici da rabuwa, kuma tun daga tushe an gina su ne don murya mai sanyi. A "Windowpane" ko "Hope Leaves" babu wani gurbi da kunne zai ce a nan gurnani ya kamata ya shigo. Illar faifan ita ce launinsa ɗaya ne, wanda ya saurare shi a jere zai iya kasa tuna inda wata waƙa ta ƙare wata ta fara. Duk da haka ya tabbatar da cewa rashin gurnani shi kaɗai bai isa ya kashe faifai ba, kuma wannan hujja za ta yi mana amfani nan gaba kaɗan.

Watershed na 2008 ba za mu daɗe a kansa ba, sai dai mu nuna abu guda. A waƙar "The Lotus Eater" an ɗora murya garau a kan ganguna masu gudun tsiya, irin waɗanda bisa al'ada gurnani ake ɗora musu. Alama ce ta mutumin da ya fara gajiya da ƙa'idar da shi da kansa ya kafa.

Sai kuma Heritage na 2011, faifan da ya raba kan masoya ƙungiyar gida biyu. An ajiye gurnani gaba ɗaya, an rage kaurin jita, an koma salon kiɗan rok na shekarun 1970 wanda Åkerfeldt ya daɗe yana tara fayafayansa. A rangadin farko da suka yi bayan fitowarsa ma ba su yi waƙoƙin gurnani ba, abin da ya ƙara wa wutar fetur. Waɗanda suka fusata suka ce an ci amanarsu, waɗanda suka ji daɗi suka ce yanzu ne ƙungiyar ta girma ta bar wasan yara. Mu kam ba mu tare da kowane ɓangare, domin dukkansu sun ɗora hukuncinsu a kan murya, alhali ciwon yana wani wuri. In rashin gurnani ne laifin, me ya sa Damnation ya tsira?

Ga inda muke ganin gizo ke saƙar. Tun asali salon Åkerfeldt shi ne ya jera gutsattsarin kiɗa mabambanta a cikin waƙa guda mai tsawo, wannan ya wuce wancan ya shigo, ba tare da yawan komawa ga gindin waƙa ba. A tsofaffin fayafayan, sauyawa daga gurnani zuwa taushi ita ce zaren da ke ɗinke gutsattsarin nan, ita ke gaya wa mai sauraro cewa an hau tudu ko an gangara kwari. A Damnation ya cire zaren, amma ya gajarta waƙoƙin ya ba su zubi mai sauƙi, don haka ba su buƙace shi ba. A Heritage kuwa ya cire zaren ya bar gutsattsarin yadda suke. Saurari "Famine" ko "Nepenthe": ganga ta yi nata ta tsaya, fiyano ya shigo, a yi shiru, sarewa ta taso, kowane yanki da kyansa, amma ba a ga abin da ya sa wannan ya biyo bayan wancan ba. Kamar marubucin da ya cire rikici daga labarinsa ne ya bar babi-babi na kyakkyawan siffantawa. Inda faifan ya miƙe hanya guda, kamar a "The Devil's Orchard" da "Slither", wadda aka yi don tunawa da Dio da ya rasu a 2010, ba wanda ke jin kewar gurnani. Pale Communion na 2014 ya gyara yawancin wannan ɓaraka da murya garau ɗin dai, amma a lokacin kowa ya riga ya kama ɓangarensa, kaɗan ne suka saurare shi da kunnen adalci. Murya garau ta kuma tone abin da gurnani ya daɗe yana rufewa, wato baitocin Turanci na mutumin da Turanci ba harshen uwarsa ba ne, kuma ba mu yi mamaki ba da ya fitar da In Cauda Venenum na 2019 da harshen Suwidin tare da kwafin Turanci.

A 2024 gurnani ya dawo a faifan The Last Will and Testament, masoyansa suka yi ta murna kamar an sako musu ɗan'uwa daga kurkuku. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne labari ne ya dawo da shi. Wani attajiri ne mai taurin kai ya mutu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka tara iyalinsa ana karanta musu wasiyyarsa, shi ya sa waƙoƙi 7 na farko ba su da suna sai lambar sakin layi irin ta takardar shari'a. A kunnenmu gurnanin muryar mamacin ce, yana tona asirin gidansa daga kabari, yana hana tagwayen da suka tashi a matsayin 'ya'yansa gado, yana miƙa dukiyar ga wata yarinya mai shan inna da aka rena a gidan. Wannan aiki ya dace da gurnani fiye da yadda hotunan makabartar Blackwater Park suka dace da shi. Inda muke da ƙorafi shi ne cunkoso. Ga gurnani, ga rerawa, ga muryar Ian Anderson na ƙungiyar Jethro Tull yana karatu yana kuma busa sarewa, duk a cikin waƙoƙin da ba su kai tsawon na dā ba, har wani lokaci mai sauraro ya rasa wa ke magana. Still Life ya ba kowace murya fili ta numfasa, a nan kuwa suna ture juna a bakin ƙofa. Sai a waƙa ta 8, "A Story Never Told", hayaniyar ta lafa. An gama karanta wasiyya, mamaci ya yi shiru, yarinyar ta gaji dukiya, sa'an nan ta gano cewa ita ma ba jininsa ba ce, domin attajirin bai taɓa haihuwa ba. Wannan labari, wanda ya fi duk na baya muni, da murya garau aka rera shi daga farko har ƙarshe.