Ribar Mace a Gidan Miji: Nazari a kan Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu

1.0 Gabatarwa

Akwai wata muhawara da takan taso a duk inda aka zauna zancen aure, wato shin mace tana cin moriyar tsarin nan da ya ɗora namiji a kan ragamar gida, ya kuma yanka wa kowane jinsi aikinsa, ko kuwa cutuwa take yi? Masu goyon bayan tsarin sukan ce ai hutar da mace aka yi, tun da ci da sha da sutura da muhalli duk suna wuyan miji. Masu suka kuwa sukan ce bauta ce aka yi wa ado. A wannan takarda za mu auna tambayar da ƙagaggen labari guda ɗaya, wato Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Abin da muke son nunawa shi ne, akwai moriya a cikin tsarin, amma moriyar alkawari ce, kuma wanda ya ɗauki alkawarin shi ne ke da ikon warware shi duk ranar da ya ga dama.

2.0 Marubuciyar da Littafinta

Hajiya Balaraba mutuniyar Kano ce, ƙanwa ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun tana ƙaramar yarinya, auren bai daɗe ba ya mutu, sai daga baya ta koma neman ilimi. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. Shi kuwa wannan da muke nazari, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga fassarar a ƙasar Indiya a 2012.

Tauraruwar labarin ita ce Rabi, matar wani ɗan kasuwa mai suna Alhaji Abdu, wadda ta haifa masa 'ya'ya 9. Yana da halin yi, amma yana ƙuntata wa iyalinsa. Ana haka sai ya auro Delu, wadda ta yi zaman kanta kafin auren. Rikici ya ɓarke, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, har 'yarta Saudatu ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar. Daga bisani gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, aurensa da Delu ya watse, ya dawo yana biko. Rabi ta ƙi, amma maza na kusa da ita suka matsa mata har ta koma.

3.0 Abin da Tsarin ya yi Alkawari

Adalcin nazari shi ne mu fara da hujjar masu cewa mace tana amfana, domin hujjar tana da tushe. A fikihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana wajibi ne a kan miji. Sadaki na mace ne, haka kuma abin da ta gada ko ta samu ta hanyar sana'a, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Idan aka yi saki wanda akwai kome a cikinsa, a ɗakinta za ta yi idda, ɗawainiyar 'ya'ya kuwa tana kan uba.

Tarihi ma ya ba da tasa shaidar. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya lura cewa kulle ya ƙara yaɗuwa a karkara bayan an hana bauta. Dalili kuwa, a da bayi mata ne aka fi sani da aikin gona, saboda haka matan da suka sami 'yanci sai suka ɗauki zaman gida a matsayin alamar ɗiyauci. Wannan ya nuna mana cewa akwai matan da suka nemi kulle da kansu, domin ya raba su da fartanya da rana.

Wata malama 'yar asalin Turkiyya, Deniz Kandiyoti, ta yi bayanin irin wannan hali a wata maƙala ta 1988, inda ta kwatanta shi da ciniki. Mace tana ba da biyayya da hidima da haƙuri, a biya ta da kariya da mutunci, idan ta manyanta kuma ta sami iko a kan matan 'ya'yanta. Da wannan ma'auni na ciniki za mu duba rayuwar Rabi.

4.0 Inda Cinikin ya Warware

Marubuciyar ta gina Rabi ta yadda mai karatu ba zai sami abin zarginta da shi ba. Ta yi biyayya, ta yi haƙuri da ƙarancin cefane, ta haihu, ta yi reno. Wato ta biya kuɗin cinikin gaba ɗaya. Wannan dabara ce mai ma'ana, domin da an ba ta wani aibi, da sai a ce laifinta ne ya ja mata. Tun da ba ta da shi, dole idon mai karatu ya koma kan tsarin kansa.

Abu na farko da za mu lura da shi shi ne, tun kafin saki Alhaji Abdu ya daina cika nasa ɓangaren, kuma babu wanda ya iya tilasta shi. Haƙƙin da shari'a ta ba Rabi yana nan a rubuce, amma al'ada ta koya mata cewa mace ta gari ba ta tona asirin mijinta. Abu na biyu, ranar da ya ga dama, da kalma ɗaya ya raba ta da ɗakin da ta yi shekaru a ciki, ya kuma sauke mata nauyin da shari'a ta ɗora masa. Biyayyar Rabi ana karɓarta kullum safiya, amma sakamakonta sai yadda maigida ya so.

Abin da ya ceci Rabi shi ne tukunyarta. A nan labarin ya dace da abin da masu bincike suka gani da idonsu. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 game da cinikin da matan kulle suke yi daga cikin gida, wanda baƙo ba ya gani. Enid Schildkrout kuma ta nuna a binciken da ta yi a Kano cewa wannan ciniki ya dogara ne a kan yara masu talla. Idan da tsarin yana hutar da mace kamar yadda ake faɗa, me ya sa kusan kowace matar aure take riƙe da 'yar sana'a, ko adashi, ko akuya, ko kwanonin da take tarawa? A ganinmu, waɗannan abubuwa tanadi ne saboda ranar da alkawari zai warware, kuma yawansu shaida ne cewa matan sun san ranar tana iya zuwa.

5.0 Matan da Suka ci Riba

Za a iya kawo Saudatu a matsayin hujja a kanmu, domin ita tarbiyyarta da kunyarta sun kai ta gidan daula, har mahaifiyarta ta sami sauƙi ta dalilinta. Wannan gaskiya ne. Sai dai mu tambayi kanmu, mene ne bambancin Saudatu da Rabi? Halinsu ɗaya, tarbiyyarsu ɗaya. Bambancin kawai shi ne ɗaya ta dace da miji mai kyautatawa, ɗaya ba ta dace ba. Ribar da ta rataya a kan halin mutum guda sa'a ce, kuma ba a gina hukunci a kan sa'a.

Delu ma ta ci tata ribar na ɗan lokaci, amma daga kwanon Rabi ta ci. Wannan ya fito da wani abu da ya kamata manazarta su kula da shi, wato kalmar mata tana ɓoye bambanci mai yawa. Akwai amarya da uwargida, akwai uwar miji da matar ɗa, akwai matar attajiri da matar talaka. Sau da yawa abin da ɗaya ta samu, daga hannun 'yar'uwarta aka karɓo shi, shi ya sa ake samun mata a sahun gaba wajen kare tsarin.

6.0 Komen Rabi da Raunin Littafin

Ƙarshen labarin shi ne wurin da masu karatu suka fi saɓani. Wasu suna ganin marubuciyar ta ja da baya ne, ta miƙa wuya ga al'ada. Mu kuwa muna ganin a nan ne littafin ya fi faɗin gaskiya. Lokacin da aka kori Rabi, tsarin bai iya mayar da ita ɗakinta ba. Lokacin da Alhaji Abdu ya tsiyace, nan da nan tsarin ya motsa, aka taru a kanta da nasiha da matsi har ta karɓe shi. Ashe ƙarfin tilastawa yana nan, sai dai gefe ɗaya yake fuskanta. Daɗin daɗawa, yanzu ita ce mai abin hannu, amma girman maigida yana nan a wurinsa.

Duk da haka littafin yana da rauninsa. Na farko, gobara ce ta rama wa Rabi, ba alƙali ko dangi ba. Wannan ya dace da karin maganar da aka yi wa littafin suna da ita, amma yana iya koya wa mai karatu cewa maganin zalunci shi ne a zauna a jira ƙaddara, alhali ba kowane azzalumin miji ne rumfarsa take ƙonewa ba. Na biyu, an zana Delu da baƙin fenti kawai. Ba a tsaya an nuna mana abin da ya fitar da ita daga gidan aure tun farko ba, ga shi kuwa mai yiwuwa ne ita ma wata Rabi ce da ba ta sami jarin sayar da abinci ba. Da an buɗe wannan ƙofa, da jigon ya ƙara ƙarfi.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa tsarin gargajiya ya yi wa mace alkawarin abubuwa masu daraja, kuma akwai matan da aka cika musu. Mun kuma ga cewa cikawar tana hannun namiji, ita kuwa biyayyar mace jama'a duka ne suke tsaronta. Saboda haka muna ba da shawara ga masu nazarin adabinmu da su rage tambayar ko mata suna amfana, su koma tambayar wace mace ce ta amfana, daga hannun wa, kuma wa zai tsaya mata ranar da aka hana ta. Zai yi kyau a auna sauran littattafan da mata suka rubuta da wannan ma'auni, musamman Wa Zai Auri Jahila? na ita wannan marubuciya, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, don a ga ko amsar da muka samu a nan za ta tsaya.