Mai Kora da Abin Kora: Nazari a kan Fim ɗin Sarauniya

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba yadda fim ɗin Sarauniya, wanda Med Hondo ɗan ƙasar Muritaniya ya shirya a shekarar 1986, ya sarrafa labarin kora da gudu, da kuma yadda dangantakar maroƙi da ubangidansa ta yi tasiri a kan tsarinsa. An ɗauko fim ɗin ne daga littafin Abdullahi Mamani mai wannan suna, wanda aka buga da Faransanci a Paris a 1980. Ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1987. Tun da yake jama'a da yawa ta wannan hanya suka san abin da ya auku a 1899, wajibi ne masu bincike da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su san inda tarihi ya tsaya da inda zuga ta soma.

Kora uku a shekara guda

Rundunar da kaftin Voulet da kaftin Chanoine suka jagoranta ta tashi daga bakin kogin Kwara a watan Janairu na 1899, ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kama bayi. Kora ta fari ita ce ta mutanen Lugu, a ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi. Ran 16 ga Afrilu Aznan Sarauniya Mangu suka tari rundunar, suka kashe mata soja 4, suka raunata 6, sa'an nan suka janye cikin kurmi inda bindiga ba ta da amfani. Ba a kama Sarauniya ba. Rundunar ta wuce, ta far wa Birnin Ƙonni a farkon watan Mayu.

Kora ta biyu ta juya kan masu korar. Wani laftana mai suna Péteau, wanda aka sallama daga rundunar, ya rubuta wa budurwar da zai aura wasiƙa, ya zayyana mata ta'asar da ya gani. Maganar ta kai kunnen hukuma a Paris, aka umurci kanar Klobb da ya bi sawunsu daga Tumbutu. Bai sha wahalar gane hanya ba, domin toka da gawawwaki su ne suka yi masa jagora. Ran 14 ga Yuli ya cim musu a Ɗankori, cikin ƙasar Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Bayan kwana biyu sojojin baƙar fata suka yi bore, suka kashe Chanoine, kashegari suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Mai Jirgi.

Kora ta uku ita ce wadda ba a cika ambata ba. Ragowar hafsoshin sun ci gaba da tafiya, suka ci Damagaram a ƙarshen Yuli bayan karon Tirmini. Sarki Amadu Kuran Daga ya fita daga birni, aka bi shi, aka kashe shi a watan Satumba. Rundunar ta isa Cadi, ta shiga yaƙin Kusuri inda aka kashe Rabe a watan Afrilu na 1900. Watau mutuwar kaftin biyu ba ta hana a cika aikin da aka aiko su yi ba.

Idon maroƙi

A waƙar fada ta Hausa akwai ƙa'idar da kowane mai nazari ya sani: ubangida ba ya gudu. In ya ja da baya, dabara ce. In abokin gabarsa ya ja da baya, tsoro ne. Ubangida yana samun zuga da kirari, magabcinsa yana samun zambo da habaici. Wanda ya saurari waƙoƙin da Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa zai ga wannan rabo a fili. Ba ƙarya ba ce a wurin masu sauraro, domin sun san sharaɗin: ubangida ya ciyar ya tufatar, maroƙi kuwa ya tsare masa suna bayan ransa.

Mamani da Hondo wannan kujera ta maroƙi suka hau. Sun sanya mawaƙi a gefen Sarauniya, kuma ginin labarin kansa ya bi salon waƙar fada. Janyewar Azna cikin kurmi ta zama nasara, har masu bindiga suka koma masu firgita da dare, suna jin kiɗa ba su ga makaɗi ba. Voulet ya sami zambo: mutum ne da girman kai ya ci shi har ya yanke hulɗa da ƙasarsa. A nan ƙarfin fim ɗin yake. Ya juya rahoton soja, wanda a cikinsa baƙar fata kullum shi ne abin farauta, ya mai da mai kora abin kora. Ba abin mamaki ba ne daga Mamani, wanda shi kansa ya ɗanɗani gudun hijira a Aljeriya bayan an haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, ya kuma sha ɗauri bayan komowarsa gida.

Amma zuga tana da farashinta. Na farko, Sarauniya a Lugu muƙami ne na addinin gargajiya da mata suke gada, mai riƙe da shi a keɓe take zaune. Hoton jaruma mai kwari da baka a gaban mayaƙa aikin marubuci ne. Na biyu, zambo yana tattara laifi a kan mutum ɗaya. Binciken hukumar Faransa, wanda aka rufe a 1902, shi ma cewa ya yi zafin ƙasar ne ya taɓa hankalin kaftin biyu. Labarin da ya ƙare da mutuwarsu yana iya barin mai kallo da zaton an yi hukunci, alhali Damagaram tana gab da faɗuwa. Na uku, a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma Julanci da Fulatanci da Faransanci ne suka rinjaya a cikinsa. Sunan jarumar Bahaushe ne, muryarta kuwa ba ta Arewa ba ce. Kirari da take ba su jure fassara, saboda haka dangantakar maroƙi da uwargijiyarsa, wadda ita ce ginshiƙin aikin, ta isa ga Bahaushe ta bakin baƙo.

Zaɓen kalma

Abin da ya fi shafar masu tsara littattafan karatu shi ne kalma. Hausa ta bambanta gudu da janyewa da ƙaura da hijira, kowace da hukuncin da take ɗauke da shi. Alal misali, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya bar Sakkwato a watan Maris na 1903, Ingilishi suka bi shi har Burmi, inda ya rasu ran 27 ga Yuli. A wurin masu bin sa gujajje ne; a wurin dubban da suka bi shi hijira ya yi, kuma da wannan suna zuriyarsu ta Mai Wurno a Sudan ta riƙe labarin. Marubucin da ya ce mutanen Lugu sun gudu ya ɗauki harshen rahoton soja bai sani ba. Wanda ya ce sun kori Nasara ya ɗauki harshen maroƙi. Abin da shaida ta tabbatar shi ne sun yi yaƙi, sun janye, ba a kama shugabarsu ba.

Kammalawa

Fim ɗin Sarauniya waƙar yabo ce da aka yi da hoto, kuma da ma'aunin waƙa ya kamata a auna shi. Aikin da ya dace da masu bincike shi ne naɗar abin da dattawa da makaɗan Lugu, Ƙonni, Tasawa da Damagaram suka gada game da 1899, a rubuta shi da karin harshen masu shi ba tare da gyara ba. A littafin manya masu koyon karatu kuwa, a jera abu uku a shafuka dabam: abin da ya auku da ranakunsa, abin da maroƙi ya ce, da abin da marubuci ya ƙaga, kowanne da sunansa a kansa.