Tambarin Kamfanoni a Kayan Tsintuwa na Wasannin Bidiyo

Masu ƙera wasannin bidiyo sun daɗe da al'adar warwatsa ƙananan abubuwa a lungu da saƙo, domin mai wasa ya bi yana tsinta yana tarawa. Daga cikin wannan al'ada akwai sanya hajar kasuwa da tambarinta na ainihi, ko kawo jaruman wani wasa su leƙo a matsayin baƙi.

Wasan da ya fi iya amfani da wannan dabara shi ne Pikmin 2, wanda Nintendo ya fitar a 2004 a na'urar GameCube. Bashi ya yi wa kamfanin da jarumin wasan, Kyaftin Olimar, yake yi wa aiki katutu, sai aka tura shi wata duniya ya kwaso dukiya. Da yake tsayinsa bai kai ɗan yatsa ba, dukiyar da yake jajibowa tarkacen mutane ce: batirin Duracell, murfin kwalbar 7 Up, gwangwanin man goge takalmi na Kiwi. Jirginsa kuma yakan laƙaba wa kowane tarkace suna mai kwarjini kamar wani abin al'ajabi. Ba a taɓa furta sunan duniyar nan tamu ba, amma da ganin tambarin da ya saba gani a kanti, mai wasa ya gane inda yake, ya kuma lura babu ɗan Adam ko ɗaya da ya rage. A nan tambarin ya wuce talla, shi ke ɗauke da labarin. Har ma an riƙa sauya kayan bisa ga kasuwa: na Japan daban, na Amurka daban, na Turai daban.

Shenmue na kamfanin Sega, wanda ya fito a 1999, ya haɗa salon biyu. Jaruminsa Ryo yana ɗaure da agogon Timex, yana kuma zuba kuɗi a na'urar kan titi ta sako masa 'yar tsanar Sonic, jarumin wani wasan Sega, alhali labarin ya fara ne a garin Yokosuka a 1986, Sonic kuwa sai a 1991 wasansa na farko ya fito.

Raunin tsarin yana wajen lasisi, domin aro ne mai wa'adi. Da aka sake fitar da Pikmin 2 a na'urar Switch a 2023, an maye gurbin tamburan da na ƙirƙira, kuma wannan asara ce ta gaske, don batir marar suna ba ya tuna wa kowa gida. Haka batirin Energizer ya ɓace daga wasan Alan Wake a sabuntawar 2021, abin sha na Monster ma ya fita daga Death Stranding a shekarar.

Baƙi na cikin gida kuwa ba su cika gamuwa da wannan matsala ba, tunda kamfani ba ya neman izini kan kayansa. Shi ya sa Sony ya cika Astro's Playroom na 2020 da tsofaffin na'urorin PlayStation, tun daga ta farko ta 1994, ya mayar da tarihinsa abin tsintuwa.