Goggon birin da babu shi a Gidan Zoo

A watan Yunin 2019, ana gama shagalin ƙaramar Sallah, labari ya karaɗe Kano cewa kuɗin da aka tara a ƙofar Gidan Zoo, naira miliyan 6.8, sun yi ɓatan dabo, kuma wai goggon biri ne ya haɗiye su. Ranar babu wanda ya yi aikin kirki a Facebook. Wasu suka sa wa birin babbar riga da hula, wasu suka ce a ba shi kujerar kwamishina tunda ya nuna ya iya aikin. Bayan 'yan kwanaki gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce ai babu ma goggon biri a gidan, aka sake kwashewa da wata sabuwar dariyar. Yau in ka tare mutum goma a bakin Kasuwar Kurmi ka ɗauko zancen, dukkansu za su tuna birin. Ka tambaye su inda aka kwana a maganar kuɗin, ka ga yadda za a yi ta kallon-kallo.

Birin ba shi ne na farko ba. A watan Agustan 2017, da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya dawo daga jinyar fiye da kwana ɗari a Landan, kakakinsa Garba Shehu ya ce ɓeraye sun yi ɓarna a ofishin shugaban ƙasa, don haka daga gida zai riƙa aiki. A Fabrairun 2018 wata ma'aikaciyar hukumar JAMB a Makurɗi ta ce maciji ne ya haɗiye naira miliyan 36 na hukumar. Waɗannan labarai uku sun ciyar da masu barkwancinmu shekara da shekaru, har yanzu ma ana tatsar su.

Abin da ya daɗe yana damuna da barkwancin siyasar da muke yi da Hausa, a fim ko a 'yan gajerun bidiyon waya, shi ne ya ƙware wajen riƙe dabbar ya saki mutumin. An bar jaki ana dukan taiki, kuma dukan yana da daɗin kallo har mun manta da jakin. Ina son dariya kamar kowa, ba wa'azi na zo yi ba. Amma tunda yanzu ta nan ne mafi yawanmu ke sauke takaicin rashin wuta da tsadar mai, ya kamata a duba wannan barkwanci yadda ake duba kowane rubutu: me ya faɗa, wa ya taɓa, wa ya kauce wa.

Tsokanar masu mulki da raha ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fada tana da wawan sarki, wanda aka yarje wa ya faɗi abin da waziri ba zai iya faɗa ba. 'Yan kama suna kwaikwayon malamai da makaɗan fada, su mayar da karatu da kirari zancen tuwo da nama, malamin yana zaune yana murmushi. Yara a tashe suna sa gemun auduga su yi wa tsofaffin unguwa shaƙiyanci a ƙofar gidajensu. Abin lura a duk waɗannan, wanda ake tsokana yana wurin, kowa ya san shi, shi ma ya san da shi ake. Da aka koma fim sai nisan ya ƙaru. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya yi Ibro Usama ya yi Ibro Saddam, wato ya iya ɗauko manyan rigingimun duniya ya mayar da su wasan tsakar gida. Ibro gwani ne, har yau ba a maye gurbinsa ba. Sai dai Usama da Saddam ba su da 'yan sanda a Kano. Da wuya ka tuna wani fim na wancan zamani da ya yi wa shugaban ƙaramar hukuma mai ci irin wannan kwaikwayon da sunansa.

Gidan Badamasi, wanda Falalu A. Ɗorayi ya ba da umarni kuma Arewa24 ta fara nunawa a 2019, shi ne a ganina ya fi kowane shirin ban dariya zana hoton siyasarmu, ko da yake ba a kan siyasa aka gina shi ba. Tsohon attajiri ne mai riƙon tsiya, da tarin 'ya'ya da suka kewaye dukiyarsa, kowa da dabarar da zai yagi rabonsa. Su haɗa kai da safe, su ci amanar juna kafin azahar. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rububin kason da ke zuwa daga Abuja kowane wata zai gane gidan. Ƙarfin shirin shi ne bai ware kowa ba, uban ba waliyyi ba ne, 'ya'yan ma haka. Rauninsa ma nan yake. In kowa a gida ɓarawo ne, to babu wanda za a kama. Mai kallo yana tashi da hukuncin da ya riga ya zo da shi, wato "duk haka muke", kuma babu jimlar da ta fi wannan yi wa ɓarawon gaske daɗi. Ɗan majalisar da ya cinye kuɗin rijiyar burtsatse zai iya zama da iyalinsa su kalli shirin su yi dariya har da hawaye, babu abin da zai tsaya masa a wuya.

Daga "duk haka muke" zuwa "ai wasu ne ke juya mu" taku ɗaya ne, kuma a nan barkwanci ke haɗuwa da zargin makirci. Mai karatu zai tuna Jubril na Sudan. Bayan doguwar jinyar Buhari aka yaɗa cewa ya rasu, an ɗauko wani mai kama da shi daga Sudan an zaunar a fadar shugaban ƙasa. Nnamdi Kanu na cikin waɗanda suka fi yayata zancen. Aka yi ta jera hotuna ana auna kunne da tafin hannu. Da yawa sun fara yaɗa shi ne da wasa, amma wasan ya yi ta maimaituwa har ya daina zama wasa, ta kai ga a Disambar 2018 shugaban ƙasa da kansa ya tsaya gaban 'yan Najeriya a Poland yana tabbatar musu cewa shi ne, ba wani ba. Ka duba abin da Jubril ya binne. Tambayoyin da suka dace a lokacin a fili suke: me ke damun shugaban ƙasa, nawa aka kashe a jinyar, me ya sa asibitin fadar shugaban ƙasa da ake ware wa kuɗi duk shekara bai wadatar ba. Kowace ɗaya tana da ofishin da za a kai ta. Jubril kuwa ba shi da ofishi. Ana iya shekara goma ana gardama a kan kunnensa ba tare da wani jami'i ya rasa barcin dare ɗaya ba.

Ba na cikin masu ɗaukar duk mai zargin makirci a matsayin jahili. Ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka mutu, kuma sai a 2009 aka cimma sulhu na dala miliyan 75 da gwamnatin jihar. Mutanen da aka yi wa haka suna da dalilin ɗar-ɗar. Amma mun ga kuɗin da aka biya da ɗar-ɗar ɗin ya rasa linzami: a 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Bambancin labaran biyu shi ne na farko yana da sunan kamfani da shekara da adadin yara, shi ya sa aka iya kai shi kotu. Na biyun "su" ne kawai, waɗanda ba a gani. Mai barkwancin da ya rufe bidiyonsa da ɗaga gira da "ku dai kun san su waye" yana ganin ya yi jarumta, alhali ya zaɓi abokin faɗan da ba zai taɓa aiko masa da sammaci ba.

A Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, na yi wuni guda a layin wani banki. Wani dattijo a gabana ya riƙe layin gaba ɗaya da raha. Ya ce shi yanzu ya gane hikimar gwamnati, an ga ba ma azumin nafila ne aka taimaka mana. Ya ce wa na kusa da shi, "Ɗana, riƙe mini wurina in je in gaya wa iyali su yafe ni, ban san ranar dawowa ba." Ba don shi ba da an ba hammata iska a wurin, wannan na yarda. Irin wannan raha magani ce, kuma babu mai hankalin da zai nemi dattijon ya zo da takardun kasafin kuɗi. Amma da yamma, da aka rufe ƙofa ba mu samu ko sisi ba, hirar ta koma kan cewa Turawa ne suka shirya abin don a rage mu. Babu wanda ya ambaci Babban Bankin Najeriya, wanda ya sanar da tsarin a fili tun Oktoban 2022, da sunan gwamnansa a kowace sabuwar takarda da muke wa layin.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma abin da na fi tsana a aikin shi ne saƙon da ke cewa "abin nan ba ya aiki". Mai saƙon ya yi gaskiya, ransa kuma a ɓace yake, amma babu abin da zan iya yi da maganarsa. Wanda ya ce "na danna nan, da ƙarfe kaza, sai kaza ya faru" shi ne ya ɗaure ni, don ya nuna layin da ya lalace da wanda ya rubuta shi. Da wannan ma'aunin nake kallon barkwancin siyasa, kuma da shi ne na ga Bello Galadanci, wanda aka fi sani da Ɗan Bello, ya kawo wani abu dabam.

Ɗan Bello ba ya cikin waɗanda suka fi ba ni dariya. Wani lokaci gatsen nasa yana yin tsawo, wani lokaci kuma malamin da ke cikinsa yana danne ɗan wasan. Abin da ya canza shi ne ya mayar da adadi da takarda cikin wasan, ya kira ofishi da sunansa. A Agustan 2024 ya ɗauko batun kwangilar sayen magunguna a ƙananan hukumomi 44 na Kano, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya ba da umarnin bincike, hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar ta gayyaci jami'ai. Ko me mutum yake gani game da yadda binciken ya gudana, an kai matakin da goggon biri bai taɓa kaiwa ba, wato wani mai kujera ya tashi ya ba da amsa.

Kada a manta da farashin wannan hanya. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi wa gwamna shaguɓe. Ɗan Bello ya yi suna ne yana zaune a China, inda sammacin majistare ba ya isa da sauƙi. Saurayin da ke ɗaukar bidiyo a lungun Fagge ba shi da wannan gata, saboda haka in ya ɓuya a bayan maciji da ɓera ba zan ce masa matsoraci ba. Ƙorafina ya fi karkata ga manyan masu shirya fim da tashoshin da ke da lauyoyi, waɗanda har yanzu suka fi son gwamnan jihar da babu ita a taswira.

Salon Ɗan Bello ma yana da nasa haɗarin, kuma magoya bayansa ba sa son a faɗa. Takardar da aka haska a bidiyo na 'yan daƙiƙoƙi ba hujja ba ce a wurin mai kallo, yarda ce kawai ya yi da wanda ya haska ta. Ranar da wani mai irin basirarsa amma marar amana ya ɗauki salon, da takardar bogi da murya mai daɗi, ba mu da abin da za mu bambance su. Zan so a ce kowane bidiyo yana zuwa da inda mutum zai je ya karanta takardar da idonsa, shafi da shafi, kuma a riƙa dawowa kan tsofaffin batutuwa bayan wata shida a gaya mana wa aka gurfanar, wa aka wanke. Wannan aikin ba shi da daɗin kallo, ba ya kuma tara mabiya.

Sannan akwai mu masu kallo. A teburin mai shayin unguwarmu, mutanen da suka yi ta tura bidiyonsa lokacin da yake taɓa 'yan Gandujiyya su ne suka fara tambayar wa ke ɗaukar nauyinsa ranar da ya juyo kan 'yan jar hula. Ɗaya ya ce 'yan adawa ne, wani ya ce ai mutumin da ke zaune a waje ba a rasa hannun Turawa a lamarinsa. Na tambayi mai maganar ko adadin da aka faɗa a bidiyon ƙarya ne. Ya ce shi bai kalla har ƙarshe ba, datarsa ta ƙare.