Gwanin Zaɓar Turbo a Kan Tudun Jos

Jos tana zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 sama da teku, kuma injin mota yana jin wannan tsayin a jikinsa. Iskar sama ba ta da kauri irin ta Legas. Injin da ke shaƙar iska da kansa yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, wato kafin ya iso Jos ya bar sama da kashi 10 a hanya. Direban da ya taso daga Akwanga da lodi ya kama Hawan Kibo ba sai an yi masa lissafi ba, baƙin hayaƙin salansa ya gaya masa.

Maganin, wato turbo, ya daɗe da samuwa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi wa dabarar rajista a 1905, kuma a 1918 aka hau da injin jirgin sama kan dutsen Pikes Peak a Amurka aka gwada ta. Hayaƙin da ke fita yana juya farfela ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin injin, tamkar zugazugin maƙeri da ke hura kansa. Sandar da ta haɗa su takan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya.

Sayen turbo ba wuya, ana samun na gwanjo wajen masu kayan gyara a Dilimi. Sanin wanda ya dace shi ne aikin, kuma a nan nake sara wa tsofaffin kanikawa. Mai mota yakan zo da bukata ɗaya: a sa masa babba. Gwani ba ya gardama, tambaya yake yi. Alhaji, motar nan lodi take ɗauka ko gudu ake so? Lita nawa ne injin? Gas yake sha ko fetur? A wace giya ta fi daɗewa?

Kowace tambaya da dalilinta. Babban turbo yana bukatar hayaƙi mai yawa kafin ya tashi. Ka taka totur a gindin hawa, mota ta yi shiru, sai ta kai tsakiya ƙarfin ya zo mata gaba ɗaya. Ƙarami kuwa yana amsawa nan take, amma in gudu ya yi nisa sai ya shaƙe, ya dinga tura iska mai zafi. A Jos akwai ƙarin lissafi: tunda iskar da yake zuƙa ba ta da kauri, dole ya ƙara juyi kafin ya ba da matsin da zai bayar a bakin teku. Don haka mai hankali yana barin rara, ba ya zaɓar wanda zai yi aiki a iyakar ƙarfinsa.

Ɗauki injin Toyota 1HZ mai lita 4.2 da silinda 6, na Land Cruiser da Coaster. Ba da turbo aka ƙera shi ba. Ɗan'uwansa 1HD-T ne ya fito da shi daga kamfani, da fistin da aka yi domin ɗaukar wannan zafin. Bakaniken da ya san haka, in zai ɗora wa 1HZ turbo, matsi kaɗan yake ba shi, ya saita bawul ɗin da ke karkatar da rarar hayaƙi, ya sa abin sanyaya iska, ya daidaita famfon mai. Wanda bai sani ba ya buɗe mai sosai, mota ta yi ta tashi har ranar da fistin zai tsage.

Ka kuma kalli yadda gwani yake duba na gwanjo. Ko na kamfanin Garrett ne ko na Holset, suna ba ya ruɗarsa. Yatsa yake sawa ya girgiza sandar: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in tana shiga tana fita, ko fukafukin sun goga bango, ya ajiye.

Kai mai mota, saura naka. Canza baƙin mai a kan lokaci, domin shi ke riƙe da sandar nan. In ka gama hawa mai tsawo, bar injin ya yi silo na minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.